Duwatsun Kazaure da Dajin da Ya Daddatse a Tsakaninsu

Arewa maso yammacin jihar Jigawa ƙasa ce iri biyu. A Kazaure da Roni da wasu sassan Gwiwa, tsohon dutsen da ƙasar Hausa ke zaune a kansa ya ɓullo sarari ya yi jerin tsaunuka dogaye, alhali idan aka nausa gabas zuwa Ɓaɓura sai dutsen ya nutse ƙarƙashin rairayi, ƙasa ta shimfiɗe ta zama jigawa har iyakar Nijar. Masana ilimin duwatsu suna lissafa waɗannan tsaunuka cikin tsoffin duwatsun da shekarunsu suka haura miliyan 500, kuma abin da ya sa suka tsaya bayan ruwa da iska sun cinye na kewayensu shi ne taurin farin dutsen da ke bayansu. Babu gandun daji na ƙasa a yankin, wato irin dajin da gwamnatin tarayya ke keɓewa da doka ta zuba masa ma'aikatan tsaro, kuma tsaunukan ba su kusa da na Mambila ko na Azbin a tsawo ba. Duk da haka, matsalar da masana suka fi kuka da ita game da gandayen da ke kan tsaunuka a duniya ta bayyana a nan ƙarara, kuma ƙanƙantar wurin ta sa ana iya bin ta daki-daki: dutse yana nan inda yake da ɗan abin da ya rage masa na itace da ciyawa, amma ƙasar da ke gindinsa, wadda a da ta haɗa shi da dutsen da ke gaba, ta zama gona da gida da titi.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan gwamawa alhali sun bambanta. Raguwar daji ita ce a sare wani ɓangare a bar wani, daddatsewar daji kuwa ita ce abin da ya rage ya kasu gutsure-gutsure, kowane gutsure ya tsaya shi kaɗai, babu hanyar da dabba ko iri zai bi daga wannan zuwa wancan. Illar ta biyun ta fi wuyar gani, saboda ana iya datse daji ba tare da an sare masa itatuwa masu yawa ba, kuma ɗan lissafi ya isa ya nuna hakan. A ɗauki daji mai kusurwa huɗu, kilomita ɗaya kowane gefe, wato hekta 100, a ƙaddara cewa gatari da akuya da wuta da zafin iska suna shiga cikinsa mita 100 daga kowane baki. Abin da zai rage a tsakiya babu mai damunsa hekta 64 ne. Idan aka ratsa shi da hanyoyi biyu da suka gicciye juna a tsakiya, ya zama gida huɗu, to kowane gida ya samu sababbin bakuna, kuma cikin da ya rage lafiya a gidajen huɗu gaba ɗaya ya koma hekta 36, ko da yake wanda ya hango dajin daga nesa zai rantse bai canja ba. Wannan shi masana ke kira tasirin baki, kuma shi ya sa tabarmar da aka yayyanka ba ta shimfiɗuwa ko da ba a zubar da kaba ɗaya daga cikinta ba.

Tushen wannan tunani littafi ne da Robert MacArthur da Edward Wilson suka wallafa a 1967 a kan halittun tsibirai, inda suka nuna cewa yawan jinsunan da tsibiri ke iya riƙewa ya danganta da girmansa da kuma nisansa daga babbar ƙasa, domin ƙaramin tsibiri yana rasa jinsuna da sauri, mai nisa kuma ba ya samun baƙin da za su maye gurbin waɗanda suka ɓace. Daga nan aka gane cewa dajin da gonaki suka yi wa ƙawanya shi ma tsibiri ne a wajen dabbar da ba ta iya ratsa gona. A 1987 William Newmark ya nuna cewa gandayen ƙasa na yammacin Arewacin Amurka sun yi ta rasa wasu jinsunan dabbobi bayan an kafa su, kuma ƙananan gandaye sun fi asara, duk da cewa doka ta hana farauta a cikinsu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya kiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na dazuzzukan da suka rage a duniya ba su wuce kilomita ɗaya daga bakin daji ba.

Gandayen da ke kan tsaunuka sun fi kowanne faɗawa cikin wannan hali, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake shata iyakarsu. Akan ja layin ne inda garma ta gaza, a bar wa gandu gangare da ƙoli, a bar wa mutane kwari da fadama, alhali dabbar da ke kwana a kan dutse a kwarin take shan ruwa da rani. A Kilimanjaro ta Tanzaniya noma ya kusa zagaye dutsen gaba ɗaya, har giwaye ba su da wata mafita zuwa filayen Amboseli na Kenya sai wani siririn zirin daji da ake kira Kitendeni. A Nijeriya, gandun Gashaka-Gumti na jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka mai da na ƙasa a 1991, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake, wanda babu kamarsa a ƙasar. Girmansa bai raba shi da matsalar ba, domin a kan tsaunukansa akwai keɓaɓɓun wurare da aka amince makiyaya da manoma su zauna, wutar da ake sa wa ciyawa kowane rani tana tura kurmi cikin kwazazzabai, sannan sarar madobiya don kai wa kasuwannin Sin ta ci dazuzzukan Taraba da ke kewaye da shi, har sai da yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari ta sa wa itacen takunkumi daga farkon 2017. A kan tsaunin Mambila kuma, kurmin Ngel Nyaki ya rage 'yan murabba'in kilomitoci kaɗan a tsakiyar makiyaya, da wasu gutsattsari a bakin ƙoramu.

Yadda ƙasar Kazaure ta kai ga halin da take ciki labari ne na shekaru ɗari da 'yan kai. Masarautar ta samu a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, lokacin da Ibrahim Ɗantunku ya yanki ƙasa daga gefen Kano da Katsina da Daura, ɗansa Dambo kuma ya mai da garin Kazaure mazaunin sarauta, Ɓaɓura kuwa tana bakin iyakar Kano ta arewa tana fuskantar Damagaram. A wancan zamani daji garkuwa ne, mutane suna cunkushe cikin garuruwa masu ganuwa ko a jikin duwatsu, gonaki ba sa nisa da gari, kuma babu mai sha'awar sassabe a sararin da mahara ke bi. Da Turawa suka ci Kano a 1903 hare-hare suka tsaya, sai mutane suka fara fita suna kafa ƙauyuka da unguwanni, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma ya zama sai da kuɗi, don haka kowane magidanci ya samu dalilin ƙara gona. Garmar shanu, da ta yaɗu daga baya, ta ba mutum ɗaya ikon nome abin da a da sai gandu guda, kuma ta fi son gonar da aka tumɓuke wa kututture. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe manyan itatuwa da dama, sun kuma koya wa mutane cewa faɗaɗa gona ita ce kariya daga shekarar da ruwa ya yi gardama. A bayan duk wannan akwai ƙaruwar jama'a: jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana da mutum kusan miliyan 2.9 a ƙidayar waccan shekara, zuwa ƙidayar 2006 kuma ta haura miliyan 4.3, rabon gado yana ƙara ƙanƙanta gonaki tsara bayan tsara, saura kuwa, wato gonar da ake bari ta huta sabara da kalgo su rufe ta na wasu shekaru, ta kusa zama tarihi.

Fadama ce ta zo daga ƙarshe, kuma asararta ta fi kowacce nauyi a wajen dabba, ta gida da ta dawa. Madatsun ruwan da tsohuwar jihar Kano ta fara ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su na Tomas da Gari da madatsar Muhammadu Ayuba ta cikin Kazaure, sun kawo ruwan sha da kamun kifi da noman rani, sa'an nan shirin bunƙasa fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya baza ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Babu mai musun alherin da tumatir da albasa da attaruhu da shinkafa suka kawo wa gidajen yankin, musamman ga samarin da a da sai sun tafi cin rani. Sai dai bakin ƙorama, inda kanya da ɗinya da ɓaure da farar ƙaya ke yin duhuwa, shi ne wuri ɗaya tilo da ke da ɗanyen ganye da ruwa a watannin Maris da Afrilu, kuma shi ne zirin da ke sauka daga dutse ya ratsa fili ya kai ga wani dutsen. Da aka nome shi har bakin ruwa, an rufe mashaya, an kuma yanke hanya a lokaci guda.

Abin da ya rage yana haɗa sassan ƙasar shi ne burtali, wanda wasu ke kira labi, kuma ya cancanci a dube shi da kyau domin kusan duk maganar tana cikinsa. Burtali hanyar shanu ce da ke fita daga gari ko ruga ta ratsa gonaki zuwa makiyaya da mashaya, manoman da ke gefe biyu sukan dasa aguwa ko dashi ko cini-da-zugu su yi shinge, ƙasan shingen kuma gamba da ƙananan ƙayoyi su tsiro tun da garma ba ta kai wa nan. A cikin wannan ɗan duhu bushiya ke kwana, kurege da damo ke haƙa rami, fakara ke ƙwai, da dare kuma dila da yanyawa ta nan suke bi maimakon su yi ta fili. Shanu da awakin da ke wucewa suna tafe da 'ya'yan gawo da bagaruwa a cikinsu, ƙwayar mai taurin ɓawo tana laushi a hanjin dabba ta faɗi cikin taki a wani wuri mai nisa, saboda haka garken da ake zargi da ɓata daji shi ne kuma yake shuka shi. Burtali ba ya mutuwa rana ɗaya. Manomi yakan ƙara kunya ɗaya bana idan ya zo huɗa, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ƙara tasa baɗi, a sare aguwar a ce tana tara macizai, bayan shekara goma hanyar da garke ke bi a jere kafaɗa da kafaɗa ta koma sai saniya ɗaya bayan ɗaya, daga nan wata rana saniya ta kai baki ga gero, magana ta je gaban mai unguwa da dagaci, wani lokaci har ofishin 'yan sanda da kotu. A takarda za a rubuta abin a matsayin rikicin manoma da makiyaya, kuma haka ne, amma babu ofishin da zai rubuta cewa a ranar ce duwatsu biyu suka rabu.

Wani zai ce ai ƙasar ba ta rasa itatuwa ba, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, kuma shi da abokan aikinsa sun nuna cewa manoma ba su ƙare itatuwan gonakinsu ba duk da yawan mutane da fari, hasali ma suna tattalinsu kamar yadda suke tattalin dabbobinsu, itacen girkin birni kuwa daga dazuzzuka masu nisa ake ƙara jigilarsa. Wannan bincike ya karya zancen da ake yawan yi cewa talakan karkara shi ne maƙiyin itace, kuma har yau ya kamata masu tsara manufofi su riƙa tuna shi. Amma ƙidayar itace ba ta amsa tambayar da ake yi a nan. Itacen gona zaɓaɓɓe ne: ɗorawa don kalwa, kuka don miya, tsamiya don kunu, gawo don taki da abincin dabbobi, mangwaro da darbejiya don inuwa da kasuwa. Geza da taramniya da kukkuki da hano, da duk ƙananan tsirran da ke rufe ƙasa, ba su da mai roƙa musu arziki a gona, kuma itatuwa ashirin a tsaye ɗai-ɗai cikin sharerriyar gona ba su ɓoye ko zomo. Ko zaɓaɓɓun ma akwai abin dubawa a kansu, domin a gonaki da yawa na ƙasar Hausa ɗorawa da kuka tsofaffi ne, 'ya'yansu ba sa tsira daga garma da bakin akuya. Furen ɗorawa da na kuka kuma da dare suke buɗewa, jemagu masu cin 'ya'yan itace ne manyan masu kai musu ƙurar fure daga wata bishiya zuwa wata, jemagun kuwa suna buƙatar manyan itatuwa masu duhu su yini a ciki, da ɓaure da cediya da gamji su ci a watannin da ɗorawa ba ta fure. Mai daka daddawa a Roni tana da ruwa da tsaki a cikin maganar duhuwar bakin ƙorama, ko da ba ta taɓa zuwa wurin ba.

Su kansu duwatsun, da yake su ne kaɗai ƙasar da ba a nomawa, duk buƙatar da aka kora daga fili a kansu take sauka. Da damina, lokacin da gonaki suka rufe, can ake kora dabbobin gari da na ruga. Mai neman itacen girki can take hawa, mai gawayi yana bin marke da ƙirya, mai magani yana ɓare hano har wani lokaci ya zagaye bishiyar ta bushe a tsaye, mafarauta suna sa wuta da rani don su tayar da abin da ya ɓuya, masu fasa dutse kuma suna cin gindin tsaunin saboda gini da titi. Kowane ɗayansu yana da uzuri, kuma babu wanda shi kaɗai zai iya kashe dutse, illa dai haɗuwarsu a wuri ɗaya da ba ya samun hutu. Gangaren da ya tsiraita ba ya riƙe ruwa, ruwan watan Agusta yana gangarowa da ƙarfi ya tsaga gonakin gindin dutse ya bar kwazazzabai, yashin da ya kwaso kuma ya zube a ƙoramu da madatsu ya rage musu ciki.

Dabbobi ba sa jin wannan sauyi daidai wa daida. Masu buƙatar fili mai faɗi, irin su barewa da kura, su ne na farko da ke ɓacewa a duk ƙasar da noma ya game. Jan biri yana iya jurewa na wani lokaci, amma da zarar abincinsa ya koma gonar gyaɗa da masara ya zama abokin gaba, kuma ƙarshensa sananne ne. Rema, wadda rayuwarta duka a kogon dutse take, kamar ba abin da ya dame ta, sai dai garken da ya keɓe a kan dutse ɗaya yana auratayya a cikin kansa, kuma idan cuta ko mummunar shekara ta share shi babu wasu da za su iso su sake cika wurin. Masana suna kiran wannan bashin ɓacewa, ma'ana jinsin da har yanzu ake gani amma adadinsa da keɓewarsa sun riga sun yanke masa hukunci, biyan bashin ne kawai ke jiran lokaci. Shi ya sa ganin dabba a kan dutse bana ba hujja ba ce cewa dutsen yana lafiya.

A kan wannan ƙasa ce ake shimfiɗa sababbin layuka masu ƙarfi. Hanyar Kano zuwa Daura da Kwangwalam ta ratsa Kazaure, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amfanin hanyoyin ga kasuwanci da zirga-zirga ba abin gardama ba ne. Abin lura shi ne layin dogo na zamani a kan tudun ƙasa da aka cika yake tafiya, yana ratsa burtali da ƙorama duk inda ya same su, kuma garke ko dabbar dawa ba su da mahaya sai inda aka bar gada ko kwalbati mai faɗi.

Ta fuskar doka, ba rashinta ne matsalar ba. Tun zamanin Turawa akwai dokokin gandun daji da suka ba hukumomin gargajiya damar keɓe dazuzzuka, Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo a karkara, jihar Jigawa ma tana da hukumar da ke kula da al'amuran manoma da makiyaya. Amma dukkan waɗannan sun fi sanin fili mai iyaka huɗu da suna da lamba, abin da ke tsakanin filayen kuwa, wato burtali da bakin rafi da shinge, ya fi dogara da abin da dagaci da arɗo da dattawan unguwa suka riƙe a ka. Lokacin da gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda goma a ƙarshen 2020, cikinsu har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a gabashin Jigawa, an ƙara yawan tsibiran ne, kuma ko da za a ƙara duwatsun Kazaure a jerin, shinge a gindin dutse zai kori makiyayi da mai itace zuwa ɗan abin da ya rage a fili ba tare da ya maido da mahaɗa ko ɗaya ba.

Shirye-shiryen dashen itace ma suna da irin wannan giɓi. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Ma'aunin da aka fi jin ana faɗa shi ne yawan dashen da aka raba, kuma dashen da ya fi sauƙin reno shi ne darbejiya da turare. Dukansu suna tare iska suna ba da itace, amma turare yana gasa da geron da ke kusa da shi wajen ruwa, kamar yadda binciken da aka yi a kan shingayen tare iska na arewacin Kano ya nuna, sannan masana tsuntsaye 'yan ƙasar Holan da suka ƙidaya tsuntsaye a kan dubban itatuwa a faɗin Sahel sun tarar cewa tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna taruwa ne a kan gawo da aduwa da dangin ƙaya, ba su cika sauka a kan darbejiya da turare ba. Layin turare mai tsawon kilomita goma yana da kyau a hoto, amma abin da yake ciyarwa kaɗan ne.

Misalin da ya fi dacewa da yankin yana ƙetaren iyaka kaɗan daga Ɓaɓura. A Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, da kuma sassan Maraɗi, manoma sun koma barin tohon da ke fitowa daga tsoffin kututture da saiwoyi, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. An kiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya, mafi yawa ba tare da an dasa komai ba, kuma a yankin Magarya gawo ne ya mamaye gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke cikin yunwa. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba idan ya sare reshe. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin filaye da ke shata hanyoyin dabbobi su kafa musu turaku na siminti, wanda ya fi wuyar matsarwa a kan shingen aguwa. A Kure, kudu maso gabas da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun tashi daga kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama da 600, kuma a cikin gonaki da ƙauyuka suke rayuwa, suna hawa tudu da damina su sauko kwarin Dallol Bosso da rani su ci gawo.

Ba daidai ba ne a ɗauka sassaben zamani zai maido da barewa Gwiwa, domin gona mai itace har yanzu gona ce, kuma manomin da gadonsa bai kai hekta ɗaya ba yana da iyakar inuwar da zai iya bari a kan geronsa. Abin da sassaben zai iya yi shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin dutse da dutse ga jemage da tsuntsu da ƙudan zuma da iri, ya kuma sauke wa tsaunukan wani kaso na nauyin itacen girki da abincin dabbobi. Sauran aikin na hukuma ne da masarautun Kazaure da Ringim, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka: a bi burtalan da suka rage tare da dagatai da arɗo-arɗo tun waɗanda suka san asalin faɗinsu suna raye, a auna, a rubuta, a kafa turaku, a bar wasu mitoci a bakin kowace ƙorama ba a nomawa, a kuma daidaita mahayan layin dogo da waɗannan hanyoyi. Na ƙarshen shi ya fi gaggawa, saboda burtalin da aka cinye ana iya biyan diyya a buɗe shi ko bayan shekaru, amma tudun jirgi idan aka gama shi aka ɗora ƙarfe, yawan ƙofofin da aka bari a jikinsa da wuraren da aka bar su ba za su canja ba sai an tsayar da jirgi an fasa gini.